Hutun ƙarshen mako a Termal da aljihun ɗalibi

Tun da na dawo Kano daga karatu a Turkiyya, tambayoyin da ƙannenmu masu shirin tafiya suke kawo mini ba su cika wuce yadda ake samun gurbin karatu, da yadda ake jure sanyi, da kuma ko alawus ɗin da ake ba ɗalibi yana kai shi ƙarshen wata ba. Da wuya a sami wanda zai tambayi inda ɗalibi zai je ya huta, domin a tarbiyyar da muka taso da ita, wanda aka tura neman ilimi ba shi da bakin maganar hutu, kuma duk kwabon da ya kashe ba a kan littafi ko abinci ba, kallon almubazzaranci ake yi masa. Ni a ganina wannan fahimta tana cutar da yaranmu fiye da yadda take kare su. Yaron da ya tashi a Fagge ko Gwale, inda ba a rasa rana da hayaniyar mutane, aka kai shi birnin da a watan Disamba gari ba ya wayewa sai bayan ƙarfe takwas na safe, ya shafe watanni tsakanin aji da ɗakin karatu da ɗakin kwana, wata irin gajiya takan kama shi wadda barci ba ya maganinta. Irin wannan yaro yana bukatar ya bar birni ko da na kwana ɗaya ne, kuma hakan ba ya bukatar kuɗi mai yawa idan ya san inda kuɗin tafiya yake zurarewa.

Garin da nake nuna wa duk mai karatu a Istanbul shi ne Termal, wani ƙaramin gari na maɓuɓɓugan ruwan zafi a lardin Yalova, a gaɓar kudu ta Tekun Marmara. Tsakaninsa da birnin Yalova kimanin kilomita 12 ne, yana cikin wani kwari da dazuzzukan tsaunukan Samanli suka kewaye. Yalova ɗin kanta gunduma ce a ƙarƙashin Istanbul har zuwa shekarar 1995 da aka mai da ita lardi mai zaman kansa, wannan kuwa ya isa ya nuna wa mutum kusancin wuraren biyu, ko da yake teku ta shiga tsakaninsu.

Ruwan yana fitowa daga ƙasa da zafin da yake kaiwa wajen digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, zafin da ba a iya tsoma hannu a ciki, don haka sai an sirka shi ko an bar shi ya huce kafin a sake shi cikin wuraren wanka. Wanda ya taɓa zuwa Wikki a gandun dajin Yankari na Jihar Bauchi, inda ruwan yake tsayawa a digiri 31 dare da rana, rani da damina, zai gane cewa na Termal wani abu ne daban. Dalilin zafin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Yankin yana kan babbar tsagar ƙasa ta Arewacin Anatoliya, ruwan sama yana bin tsagogin duwatsu ya nutse can ƙasa inda dutse yake da zafi, ya kwaso gishirin ma'adinai iri-iri, sannan ya sake hawowa ta waɗansu tsagogin. Wannan tsaga ita ce ta haddasa girgizar ƙasar 17 ga Agusta, 1999, wadda ta kashe mutum fiye da 17,000 a yankin Marmara, kuma Yalova tana cikin garuruwan da suka fi jin jiki. Har yanzu idan ka zauna shan shayi da dattawan garin, ba a daɗewa hira take komawa kan wannan dare.

Wurin ya daɗe da suna. Tun zamanin Rumawa ake zuwa wanka a can, kuma sarakunan Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, sun yi gine-gine a kwarin. Gidan wankan da ake kira Kurshunlu, mai rufin dalma, ana danganta asalinsa da zamanin Sarki Justiniyan wanda ya yi mulki daga 527 zuwa 565, kuma Sarkin Daular Usmaniyya Abdulhamid na Biyu ya sa aka gyara shi a wajen 1900. Akwai kuma wanda ake kira Valide, wanda ake ba da labarin cewa mahaifiyar Sarki Abdulmajid ta yi jinyar ciwon gaɓoɓi a cikinsa. Wanda ya ba garin kamannin da yake da su a yau shi ne Mustafa Kemal Ataturk, shugaban farko na Jamhuriyar Turkiyya, da ya zo Yalova a 1929, wurin ya kwanta masa, ya sa aka gina masa gida a Termal a wannan shekara, aka kuma shuka itatuwa da furanni iri-iri a kwarin. Amfanin wannan tarihi ga ɗalibi shi ne, gidajen wankan nan tsofaffi suna nan suna aiki, ana sayen tikiti a ƙofa a shiga, ba sai mutum ya sauka a babban otal ba. Dukan dabarar tafiyar a kan wannan ta ginu.

Mu huɗu muka yi tafiyar, biyu daga Kano, ɗaya daga Katsina, ɗaya daga Maraɗi, a tsakiyar hunturu bayan mun gama jarrabawar tsakiyar zango. Karo-karo muka yi, muka damƙa kuɗin a hannun mutum ɗaya, shi yake biyan komai yana rubutawa a wayarsa. Ina ba da shawarar a yi haka, domin tafiyar ɗalibai ba ta cika ɓaci a kan babban abu ba, a kan wanda ya biya kuɗin shayi da wanda ya kau da kai take ɓaci. Ba zan kawo farashi da lira ba, saboda a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 85 cikin 100 a watan Oktoban 2022 bisa ƙididdigar hukuma, duk adadin da aka rubuta yau ba ya kai baɗi. Abin da ba ya canzawa shi ne yadda kuɗin yake rabuwa: masauki ne yake cin kaso mafi tsoka, sai kuɗin jirgi, sai na wanka, abinci kuwa yana iya zama mafi ƙanƙanta ko ya zama mafi girma, gwargwadon inda mutum ya zaɓi ya ci.

Hanya mafi sauƙi daga Istanbul ita ce ta ruwa. Jiragen kamfanin IDO suna tashi zuwa Yalova daga Yenikapi a ɓangaren Turai, da kuma daga Pendik a ɓangaren Asiya. Daga Pendik tafiyar kimanin minti 45 ce, daga Yenikapi kuwa takan ɗan haura awa ɗaya. Tun da aka tsawaita layin jirgin ƙasa na Marmaray a 2019, wanda yake ratsawa ta ƙarƙashin mashigin Bosforos, ɗalibin da yake riƙe da Istanbulkart na ɗalibai, wato katin biyan kuɗin mota da jirgi a cikin birnin, yana iya isa Pendik da kuɗi kaɗan daga kusan ko'ina a birnin, ya taka da ƙafa daga tasha zuwa bakin ruwa. Tikitin jirgin ruwan daban ake sayensa, kuma gara a saye shi ta intanet tun farkon mako, a kuma tambaya ko akwai ragin ɗalibai. Da an sauka a Yalova, ƙananan motocin haya da ake kira dolmush suna nan kusa da tashar jirgin, an rubuta Termal a gabansu, a cikin rabin awa ko ƙasa da haka sun kai mutum. Masu tasi za su tare ka tun daga bakin ƙofa, musamman idan sun ga baƙar fata sun ɗauka baƙon yawon buɗe ido ne mai dala a aljihu. A gaishe su da mutunci a wuce, domin kuɗin tasi ɗaya zai kai mutum huɗu a dolmush ya dawo da su.

Batun masauki shi ne inda ya kamata a tsaya a yi lissafi. A cikin harabar maɓuɓɓugan akwai otal-otal masu kyau waɗanda ake jawo ruwan zafin har cikin ɗakunansu, amma waɗannan ba na ɗalibi ba ne. Ƙauyuka biyu ne suka saka harabar a tsakiya, Gokcedere da Uvezpinar, kuma daga kowannensu da ƙafa ake gangarawa wurin wanka. A nan ne ake samun ƙananan masaukai da gidajen haya na kwana, ɗaki da falo da ɗan kicin mai tukunyar gas da tukwane da kofuna. Mu irin wannan muka kama a Gokcedere, muka raba kuɗin gida huɗu, biyu a kan gado biyu a kan kujerun falo waɗanda ake buɗewa su zama gado. Abin da kowannenmu ya biya bai kai kusa da abin da zai biya a gado ɗaya na otal ba.

Lokacin zuwa yana da tasiri sosai a kan farashin. Da bazara Larabawan ƙasashen yankin Gulf suna cika ƙauyukan nan da iyalansu suna gudun zafin ƙasashensu, har ta kai allunan shaguna da na gidajen abinci da yawa an rubuta su da Larabci, kuma a wannan lokaci masu gidaje ba sa sauraron ciniki. Haka ma lokacin hutun Sallah ƙarama da babba, da hutun makarantu na ƙarshen Janairu, sa'ad da Turkawa da kansu suke zuwa da yaransu. A sauran makonnin hunturu kuwa ɗakuna da yawa a rufe suke babu kowa, kuma mai gida ya fi son ragi a kan ɗakin da ya kwana babu baƙo. A nan ne tarbiyyar Kantin Kwari take amfani. Ɗan Kano bai kamata ya karɓi farashin farko ba, kuma ba a bukatar ƙwarewa a harshen Turkanci domin a yi ciniki, da yake masu gidaje da yawa sun koyi Larabcin kasuwa saboda baƙinsu, wanda ya yi Islamiyya da gaske zai iya fahimtar juna da su. Abokinmu na Maraɗi, wanda ya yi karatun allo mai zurfi kafin boko, shi ya tsaya mana, kuma dattijon mai gidan ya yi ta mamakin inda baƙon Afirka ya samo Larabci mai i'irabi. Abubuwan da za a tabbatar kafin a ba da kuɗi su ne ko na'urar ɗumama ɗaki tana aiki da dare, da ko kuɗin wuta da gas yana cikin abin da aka yi ciniki, domin wani mai gida da muka fara gani ya faɗi farashi mai daɗi, sai da muka zo biya ya ce ɗumama ɗaki kuɗinsa daban, muka yi masa sallama muka ƙara gaba. Dokar ƙasar ta wajabta wa masu masauki su rubuta bayanan kowane baƙo, saboda haka kada a bar katin izinin zama ko fasfo a Istanbul. Wanda kuma yake zaune a ɗakin kwanan ɗalibai na gwamnati ya nemi izinin kwana a waje kafin ya fita.

Abinci ba ya bukatar dogon bayani. Kafin mu hau dolmush mun shiga ɗaya daga cikin kantunan rangwame irin su BIM da A101, waɗanda babu garin da babu su, muka sayi taliya, ƙwai, tumatir, albasa, burodi, cuku da ganyen shayi, ga kuma yajin da ba ya rabuwa da jakar ɗan Kano. Da dare muka dafa, da safe muka soya ƙwai. Sau ɗaya muka ci a waje, miyar adas mai zafi da burodi, sai wata waina mai faɗi da matan ƙauyen suke gasawa a kan tanda da cuku ko dankali a ciki, ana kiranta gozleme. Gidajen abincin da suke kan babban titin Gokcedere masu hotunan gasasshen nama a ƙofa, farashinsu na masu zuwa daga Kuwait da Riyad ne.

Yanzu sai maganar wankan, wadda ita ce ta fi damun mutanenmu, kuma da gaskiyarsu. Mu a Kano abin da muka sani da sunan gidan wanka shi ne na tasha da na kasuwa, inda matafiyi ko ɗan dako yake biya a ba shi bokiti ya shiga shi kaɗai ya rufe ƙofa. Wanka a wajenmu sirri ne, kuma tunanin a taru a ɗaki ɗaya ana wanka yana tayar wa Bahaushe da hankali. Da na ba wani baffana labarin tafiyar a zaurensa da ke cikin birni, sai ya ajiye carbinsa ya ce, "Yanzu kai saboda Allah, teku ka haye domin wanka? A gaban mutane kuma?" Na ce, "Allah ya ƙara girma, Baffa, ai da sutura ake shiga, kuma Musulmi ne suke kula da wuraren, sun san hukuncin al'aura." Bai gamsu gaba ɗaya ba, amma abin da na faɗa masa gaskiya ne. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin magana a kan shiga irin waɗannan gidajen wanka, suka shardanta rufe al'aura da kau da ido, kuma tsarin gidan wankan Turkawa na gargajiya a kan wannan aka gina shi. A ɓangaren maza ana ba mutum wani zane mai ratsi-ratsi da ake kira peshtamal ya ɗaura daga cibiya zuwa ƙasan gwiwa, kuma cire shi a gaban jama'a abin kunya ne a wurinsu kamar yadda yake a wurinmu. Ni na haɗa da gajeren wando mai kaiwa gwiwa a ƙarƙashin zanen, babu kuma wanda ya ga baƙon abu a cikin hakan.

Sai dai wuraren wankan Termal ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ne ya kamata mutum ya buɗe ido kafin ya sayi tikiti. Valide yana da ɓangaren maza daban da na mata daban, kowanne da ƙofarsa, kuma shi ne zaɓin da ya fi dacewa da yawancinmu, ga shi yana cikin masu sauƙin kuɗi. Babban tafkin waje da ke gefen Kurshunlu, wanda hotonsa ya fi yawo a intanet saboda yadda tururi yake tashi daga cikinsa a tsakiyar itatuwa, na cuɗanyar maza da mata ne da kayan ninkaya, don haka mu mun tsaya daga nesa mun kalli ginin mun wuce. Akwai kuma ɗakunan wanka na keɓe da ake haya da awa, mutum ya shiga shi kaɗai ko da iyalinsa ya kulle ƙofa, da ƙaramin kwarmin marmara da ake cikawa da ruwan maɓuɓɓugar. Sun fi tsada, amma ga wanda zuciyarsa ba ta natsu da wankan jama'a ba, su ne mafita. Wata ƙanwata da take shirin tafiya karatun haɗa magunguna ta tambaye ni, "Yaya, mu mata fa, anya wurin namu ne?" Na ce mata 'yan'uwanmu ɗalibai mata da suka je a ƙungiya ɓangaren mata na Valide suka shiga, inda ma'aikatan duka mata ne, waɗansu kuma suka haɗa kuɗi suka kama ɗakin keɓe, kuma yawancin matan da ake gani a titunan Gokcedere masu lulluɓi ne, Turkawa da Larabawa.

A cikin gidan wankan, bayan an ajiye kaya a ɗan akwatin da ake kullewa, ana shiga wani ɗaki mai ɗumi, daga nan a wuce babban ɗakin da yake ƙarƙashin ƙubba, inda haske yake shigowa ta ƙananan tagogin gilashi da aka huda a rufin. A jikin bango akwai kwatarniyoyin marmara da famfo biyu, na zafi da na sanyi, mutum ya zauna a gefe ya sirka yadda yake so, ya riƙa kamfata da ɗan kwano yana zubawa a jikinsa. Ba a sa sabulu a cikin kwatarniyar, ba a kuma shiga kwarmin ruwan zafi sai an wanke jiki tukuna. Akwai masu cuɗa da suke goge jiki da wata safar hannu mai kaushi, kuɗinsu daban ne, kuma a nan ɗalibi yana iya tsimi, domin ana sayar da safar da araha a shagunan ƙauyen, abokai su cuɗa wa juna baya. Tsimin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya zo har Termal ya ce zai wadatu da ruwan famfon masaukinsa domin ya tsira da kuɗin tikiti. A rage a wurin kwana, a rage a wurin ci, amma a biya kuɗin tsohon gidan wankan a zauna a cikinsa a natse, tun da shi ne dalilin zuwan. Bayan watanni ana takure da sanyi, kafaɗu a ɗage, yatsu a ƙage, yadda jiki yake sakewa a cikin wannan ruwa abu ne da ya cancanci kuɗinsa, kuma barcin da muka yi a daren nan babu wanda ya yi irinsa tun shigowar hunturu.

Game da magani kuwa, ina ganin a yi taka-tsantsan da abin da ake ji. A cikin harabar akwai ƙananan maɓuɓɓugai da aka sa wa suna ruwan ciki, ruwan ido da ruwan ƙafa, za ka ga dattawa sun yi layi da goruna suna ɗiba, kuma kowa yana da labarin wanda ya zo da sanda ya koma da ƙafarsa. Abin da likitoci suka yarda da shi ya fi wannan taƙaituwa: zama a ruwa mai ɗumi yana sassauta jijiyoyi, yana rage raɗaɗin ciwon gaɓoɓi da na baya na wani lokaci, kuma a Turkiyya likitoci sukan tura masu irin wannan ciwo jinyar ruwan zafi tare da motsa jiki. Wannan daban ne da a ce ruwan yana warkar da kowace cuta. Zafin kuma yana da haɗarinsa, kuma mu Hausawa ba baƙinsa ba ne, domin tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego da wankan jego da kwanciya a gadon wuta da shan kunun kanwa. Zafi mai yawa yana buɗe hanyoyin jini ya ƙara wa zuciya aiki. Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mace mai juna biyu, su nemi shawarar likita kafin su shiga. Mai lafiya ma kada ya wuce minti 15 zuwa 20 a cikin kwarmin a zama ɗaya, ya fito ya huta ya sha ruwa, kada ya miƙe tsaye da sauri, kada kuma ya shiga da cikakken ciki. Mai sikila, wanda muke da su da yawa a cikinmu, ya kula ƙwarai da ƙishirwa da kuma fita daga zafi zuwa iskar hunturu kai-tsaye. Kowa ma ya busar da jikinsa sosai ya sa hula da rigar sanyi kafin ya fito.

Sauran lokacin ba ya cin kuɗi. Harabar maɓuɓɓugan lambu ce babba mai hanyoyin ƙafa a ƙarƙashin manyan itatuwa, da ƙorama mai tururi tana ratsa ta, kuma yawo a ciki kyauta ne. Gidan Ataturk na 1929 yana nan a matsayin gidan tarihi da kayan ɗakinsa na wancan zamani. Mai ƙarfin ƙafa yana iya bin hanyar daji daga Uvezpinar zuwa magangarar ruwa ta Sudushen, tafiyar 'yan kilomitoci ce mai hawa da sauka, sai dai da hunturu akwai taɓo, kuma takalmin zuwa aji ba zai yi ba. Masallatai suna nan a ƙauyukan biyu, ba a rasa jam'i.

Ranar Lahadi ya kamata a bar Termal da wuri domin a tsaya a Yalova a ga wani gida da yake bakin teku, wanda ake kira gida mai tafiya. Shi ma an gina wa Ataturk ne a 1929, a gefen wata ƙatuwar bishiya irin wadda Turkawa suke kira cinar. A 1930 reshen bishiyar ya fara taɓa rufin gidan, aka nemi izinin sare shi, sai ya hana, ya ce a matsar da gidan. Aka kawo ƙarafan layin taragon birni daga Istanbul, aka tona ƙarƙashin ginin aka shimfiɗa su, aka tura gidan mita 4.8 gefe. Gidan da bishiyar duka suna nan tsaye. Duk ɗan Kano da ya ga yadda ake sare manyan itatuwan da muka taso muna gani a gefen titunanmu domin a faɗaɗa hanya ko a kafa shaguna, zai daɗe a tsaye a wurin nan yana tunani, ko da kuwa yana da ra'ayinsa a kan mai gidan da siyasarsa.

Abu ɗaya da yake iya rushe lissafin tafiyar gaba ɗaya shi ne iska. Da hunturu akwai wata iska mai ƙarfi da take busowa daga kudu maso yamma, ana kiranta lodos, idan ta taso Tekun Marmara takan yi haushi har a soke tashin jirage, wani lokaci na yini guda. Saboda haka kada a sayi tikitin jirgin ƙarshe na daren Lahadi alhali akwai darasi da safiyar Litinin, kuma a ware wani abu a asusun karo-karon wanda ba za a taɓa ba sai an dawo. Idan jirgi bai tashi ba, akwai manyan motocin safa daga tashar Yalova da suke bi ta gadar Osman Gazi, wadda aka buɗe a 2016 a kan mashigin Izmit, su shiga Istanbul ta ɓangaren Asiya. Sun fi jirgi ɗaukar lokaci idan aka haɗu da cunkoson yammacin Lahadi, amma suna kai mutum gida.

Ga waɗanda karatunsu ba a Istanbul yake ba, Turkiyya cike take da irin waɗannan wurare. Ɗaliban Ankara suna da Kizilcahamam, kimanin kilomita 80 arewa da birnin, da kuma Haymana ta kudu. Na Konya suna da Ilgin, na Denizli suna da Karahayit kusa da Pamukkale, na Bursa kuwa ba sai sun bar gari ba, domin unguwar Cekirge tana da tsofaffin gidajen wankan ruwan zafi tun zamanin sarakunan farko na Daular Usmaniyya, kuma motar cikin gari ce take kai mutum har ƙofarsu. A kowannensu a fara tambayar gidan wankan jama'a na gari kafin a tambayi otal, a kuma tabbatar da ranaku ko awannin da aka ware wa maza da waɗanda aka ware wa mata, domin a ƙananan garuruwa gini ɗaya ne ake karɓa-karɓa a cikinsa.